Kada a Kai Shi Yaye

Haɗeja, ranar Talata

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ruwa, ya sauro, ya mutanen da kuke bandar kifi tare? Allah ya sa takardar nan ta same ka a tsibirin da Ari direba ya ce kuna, tunda waya ba ta shiga can. Mu nan da sauƙi. Malama Amatullahi ta Islamiyya ce take rubuta min. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi haka, kada ta gyara, don ka ji kamar ni ce zaune a gabanka. Sunanka ita za ta rubuta a bayan ambulan, ni dai Yaya na tashi ina ce maka.

Mun je Kano. Ka tuna ka tafi ka bar yaron nan yana tauna harshensa muna cewa haƙori ne? To ba haƙori ba ne. Likitan babban asibitin nan shi ya ba mu takarda, Malama ta raka ni. Likitan Kano ya ɗauki allura ya soka masa a tafin ƙafa, yaron nan yana ta wasa da abin awon da ke wuyan mutumin. Ya sake soka masa a hannu. Sai ya kira wasu likitoci har huɗu, suka tsaya a kansa suna kallo kamar an kawo ɗan kada kasuwa. Ya tambaye ni ko ni da kai 'yan'uwa ne, na ce innarka da babana ciki ɗaya suka fito. Ya gyaɗa kai. Ya ce ɗan nan naka ba ya jin zafi. Ba dauriya ba ce. Jijiyar da take kai wa mutum labarin ciwo ce ba ta aiki a jikinsa tun haihuwa. Kuma ba ya gumi, shi ya sa in rana ta yi jikinsa yake ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Ya ce shekararsa ashirin yana aiki, wannan ne na biyu da ya gani. Na ce to a ba mu magani. Ya ce babu. Ya ce tunda kuka ba zai gaya min ciwonsa ba, idona ne zai riƙa nemo shi.

Yana kuka fa, ka sani, in yunwa ta kama shi ko an ƙwace masa abu. Ciwo ne kawai ba ya sa shi.

Tun ranar nake ta tune-tune. Ranar suna da wanzami ya cire masa belu ko uhum bai yi ba, mata suka yi ta guɗa, Gwaggo, innarka, tana cewa jinin mai sunansa ne, babanka da aka ce ya sha bulala a sharo yana murmushi. Da tabon nan na cibiyarsa. Ungozoma tana gasa masa da tsingaro, tana jira ya tsala ihu ta san ya yi zafi ta ɗaga, bai tsala ba. Ni kuwa ina kan gado na juya fuska bango, don ɗan fari ne, kada a ce ina kallonsa.

Bari in gaya maka yadda nake wuni yanzu. Da gari ya yi haske sai in tuɓe shi in fito da shi tsakar gida. In fara daga ka. In buɗe ido in ga ko ya ƙarce shi da farce, in haska baki da tocila, in bi kunne, hammata, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, har tafin ƙafa. Haka da azahar, haka kafin magariba. Na ɗinka masa safa a hannu don ya daina cin yatsunsa, ya koyi cire ta da haƙori. Kan harshensa ya riga ya tafi, Yaya, ya gutsure shi. Na ga jini a zanin gado, shi kuwa yana min dariya. Kunu sai na sa harshena a ciki kafin in ba shi. Murhu na tashe shi daga ƙasa na ɗora a kan bulo, na kewaye da tsohon langa-langa. Shekaranjiya shanya kawai na juya in kwashe, na dawo na tarar ya zauna a kan ramin cinnaku, sun rufe masa cinya, yana tsintar su yana dubawa. In rana ta take sai in jiƙa zani a randa in lulluɓe shi, ya bushe in sake jiƙawa, har la'asar.

Matan gidan nan sun sa ni a baki. Wai ba su taɓa ganin mara kunya irina ba, ɗan fari ina juya shi kamar mai zaɓen tumatir. Uwa mai ƙosai har cewa ta yi, "Zinariya, in kin gama dubawa ki gaya mana ko akwai ruɓaɓɓe." Na yi dariya don kada a ce, na shige ɗaki.

To ga abin da ya sa na nemi Malama. Gwaggo ta aiko ta bakin masu kawo nono, ta ce angonta ya isa yaye. In sabon wata ya kama za ta zo ta tafi da shi ƙauye kwana arba'in, kamar yadda aka yi wa kowane ɗan fari a gidanku. Yaya, ka san ƙauyen nan na bayan Auyo, a can ka girma. Ƙaya, lauje, wuta a ƙasa, shanu, ga ruwa ya kewaye ko'ina. Wa zai buɗe masa baki sau uku a rana? Ni ba ni da bakin ce wa Gwaggo a'a. Surukata ce, yayar ubana ce, kuma a kan ɗan fari. Kai ne ɗanta. Magana ɗaya nake roƙo ka aiko ta hannun Ari: ka ce a yaye shi a nan ɗakina. Zan shafa maɗaci, zan juya masa baya in ya nema, duk abin da ake yi zan yi. Kada dai a kai shi inda idona ba ya kaiwa.

Ka gaida mutanen wajenku. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Zinariya

Haɗeja, ranar Asabar

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da aiki. Ari ya dawo ya ce ya ba wani mai jirgi takardata, bai san ko ta kai ba. Shi ya sa na sake taso Malama daga wanki.

Gwaggo ta zo ranar Laraba, ta kawo man shanu kasuwa ta biyo ta nan. Wallahi Yaya tana son yaron nan, ba zan yi mata ƙarya ba. Hula ta saƙa masa da hannunta, ga idon nan nata da ba ya gani sosai. Tun daga zaure take kira, "Ina angona, ko ya yi sabuwar mata ya manta da tsohuwa?" Ya ruga ya faɗa jikinta.

Da na ga ta huta ta sha ruwa, sai na roƙi Malama ta karanta mata takardar likita, tunda ni ba zan iya buɗe baki ba. Gwaggo ta saurara har ƙarshe tana cin goronta. Sai ta ce, "Malama, tara na haifa, bakwai suna raye, ba wanda likita ya raina min. Ciwo na san shi. Mai ciwo kwanciya yake yana kuka. Yaron da yake ci, yake gudu, yake ja min ɗankwali, ina ciwon yake?" Ta kama cinyarsa ta mintsina da ƙarfi, ya ƙyalƙyale da dariya. Ta ce, "Kun gani? Wannan namiji ne, ba irin mazan birni ba da sauro ke sa su hawaye. Mutane suna neman ɗa mai dauriya da addu'a, ke an ba ki kina yawon asibiti da shi."

Abin da na iya cewa kawai, "Gwaggo, harshensa." Ta buɗe bakin ta leƙa, ta ce haƙori ne, za ta rataya masa laya. Sai ta juyo kaina, ba da faɗa ba, a hankali. Ta ce ni ce na sa masa ido da yawa, kuma idon uwa ma yana cin yaro, shi ya sa aka ce uwar ɗan fari ta kau da kai. Ta ce in ya sha iskar ƙauye ya sha madara zan ga yadda zai dawo. Ta tafi. Wurin da ta mintsina ya kwana biyu baƙi ƙirin.

Washegari na je wajen Baba. Ya ji ni har na gama, ya ce ita ta goya shi da uwarsu ta rasu, da wane baki zai ce mata ba ta iya riƙon yaro ba? Ya ce maganar ta mai ɗa ce. Ka ga kowa kai yake nunawa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Na so in koya masa tsoron wuta. Sai in kai hannuna kusa da murhu in janye da sauri in ce wash, in ɓata fuska kamar zan yi kuka. Na yi masa haka ya fi sau ashirin. Yanzu ya iya. Sai ya miƙa hannu wajen wuta ya ce "wash", ya kalle ni yana jira in yi dariya. Ya ɗauka wasa ne, Yaya. Ni da kaina na mayar masa da wuta abin wasa.

Kuma in na yi sallah abin da nake roƙo yana ba ni tsoro. Cewa nake Allah ka sa ɗana ya ji ciwo. Wace irin uwa ce take roƙon wannan? Na tambayi Malama ko da zunubi, ta ce babu, amma na ga ta share ido da mayafinta. Ga shi yanzu ma ta ce in dakata.

Saura kwana tara wata ya kama. Ko takarda ba ka samu ba, ka faɗa wa mai jirgi da baki, ya faɗa wa Ari. Kalma huɗu ce: a bar shi gida.

Ina gaishe ka ƙwarai. Allah ya tsare.

Taka,
Zinariya

Haɗeja, ranar Alhamis

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya. Amsarka ta zo, Malama ta karanta min sau biyu. Na gode da busasshen kifi. Na ji ka ce kwana arba'in ba shekara ba ce, Inna ta raine ka ba abin da ya same ka, kuma ba za ka iya aika wa mahaifiyarka hani daga nesa ta bakin direba ba. Na ji ka ce in yi haƙuri. To.

Ta zo ta ɗauke shi ranar Litinin da hantsi. Na haɗa masa safa shida, da tocila da batir, da takalmin roba, da zani biyu na jiƙawa. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, don Allah a riƙa duba ƙafarsa." Ta ce, "Oh ni, yau ƙwai ke koya wa kaza kwanci." Matan gida suka yi dariya. Da mai babur ya tayar, al'ada ta ce in shige ɗaki kada ya gan ni, na shige. Ta taga na ga ya riga ya cire safar hannu ɗaya.

Yau kwana uku. Da safe ina tashi in ɗauko tocila, sai in tuna tana can. In rana ta take sai in tsinci kaina a bakin randa da zani a hannu. Jiya na sauke murhu ƙasa don in yi tuwo da sauri, na kasa, na mayar da shi kan bulo, ba kowa a gidan da zai taɓa shi.

Nono ya cika ya yi tauri, yana min zogi har hammata. Uwa mai ƙosai ta ce in ɗaure da zani in sha kanwa. Ban ɗaure ba. Ina zaune ina jin zogin ina cewa, kin ga, ke jikinki yana gaya miki abin da ke damunsa. Shi wa zai gaya masa?

An ce ruwa ya ƙaru ta wajen Auyo, babur ba ya kaiwa ƙauyen sai an shiga kwale-kwale. Masu kawo nono ba su zo ba tun ranar Talata. Ba wanda zan tambaya.

Malama ta ce in ƙara wani abu mai daɗi don kada hankalinka ya tashi. Akuyarka ta haihu, biyu.

Ka huta lafiya.

Zinariya

Haɗeja, daga ɗakin yara na asibiti, ranar Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Yana da rai. Na fara da wannan don kada ka tsallake layi kana nema. Malama ta zo dubiya na ce ta zauna ta rubuta.

A kwana na shida na kasa daurewa. Ban tambayi kowa ba, na yafa mayafi na hau babur har inda hanya ta ƙare, na shiga kwale-kwale da masu buhunan shinkafa. Na san abin da za a ce, uwar ɗan fari ta bi ɗanta gidan yaye. Na ce a faɗa.

Da na shiga gidan shi na fara gani, yana bin kaji da gudu, ya yi ƙiba ma, kumatu sun fito. Ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma. Gwaggo tana bakin turmi, ta ce, "Lale da mara kunya, ko kwana bakwai ba ki bari an yi ba?" Na ce Gwaggo me ya samu ƙafar? Ta ce ɗan ƙuna ne, ya ma warke. Ka san hayaƙin da ake yi wa shanu saboda sauro, tulin kashin shanu da ƙaiƙayi, sama toka fari sol, ƙasa wuta tana ci. A kwana na uku da safe tana tatsa, ya hau kan tulin ya tsaya yana kallon maruƙa. Ba ta san daɗewar da ya yi ba. Ƙauri ta ji ta waiwaya. Ta shafa masa man shanu da garin bagaruwa ta ɗaure, kamar yadda ta yi wa 'ya'yanta duka. Ta ce, "Da bai warke ba ai ba zai taka ba. Dube shi, ko tsaki bai yi ba."

Kwana uku, Yaya, yana gudu a kanta, cikin taɓo, cikin garke.

Na kama shi na zaunar a cinyata a gaban kowa, na fara kwance tsumman. Ya manne. Warin ne ya fara fitowa. Ba zan sa Malama ta rubuta abin da na gani ba. Shi yana ja min ɗankunne yana neman nono. Gwaggo ta matso da fuskarta kusa saboda idonta, ta duba, ta duba, sai na ga taɓarya ta faɗi daga hannunta, ta zauna a ƙasa daɓas. Ta sa yatsa ta danna tsakiyar ciwon tana kallon fuskarsa. Ya yi mata dariya. Ta ce, "Innalillahi. Zinariya, ashe da gaske ba ya ji." Tun da nake ban taɓa ganin Gwaggo tana kuka ba sai ranar.

Tare muka shigo kwale-kwale. Jikinsa ya ɗau zafi, ita ce take tsoma zani a ruwa tana lulluɓa masa har muka kai gaci. Daga can muka wuce asibiti.

Likita ya ce yatsun ƙafar uku sun mutu, in ba a cire ba abin zai hau sama. Ya ce ina uban yaro ya sa hannu. Na ce yana Tafkin Chadi. Ya ce ba za a jira ba. Aka kawo takarda da tawada, na dangwala. Da babban yatsana na ba da yatsun ɗanka uku, ranar Litinin da azahar. Da aka fito da shi ya farka, abin da ya fara nema biskit ne. Matar gadon kusa da mu, ɗanta yana ta ihu saboda allura, ta ce min, "Ke kam kin huta, naki ba ya kuka." Na ce mata haka ne.

Gwaggo tana nan a baranda, ta ƙi komawa, ta ƙi cin abinci sai ruwa. Jiya ta kira ni ta ce in nuna mata yadda ake duba shi. Na nuna mata daga ka har ƙafa. Ta karɓi tocila ta haska bakinsa, ta daɗe, sannan ta ce ba ta ganin komai, duhu-duhu kawai. Ta miƙo min tocilar. Kada ka yi mata faɗa in ka dawo, wanda take yi wa kanta ya isa. Kai ma ban ce laifinka ne ba. Magana ɗaya dai na roƙa.

Yanzu ga inda muke. Likita ya ce sati shida kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Shi kuwa da an ajiye shi sai ya miƙe ya taka, shekaranjiya har bandejin ya jiƙe da jini aka sake ɗinki. Wata nas ta ce a ɗaure shi a jikin gado, na ce ba tunkiya ba ne. Don haka yana bayana. Da shi nake cin abinci, da shi nake zagayawa, in zan yi sallah Gwaggo ta rungume shi ta matse har in sallame. Ta gwada goya shi don in huta, ba ta kai azahar ba bayanta ya gaza. Yanzu ma da nake maganar nan a tsaye nake ina jijjiga shi, Malama tana rubutu a kan gwiwarta.

Ba izini nake nema ba wannan karon, sanar da kai nake. Ba zai ƙara kwana inda ba ni ba, ko wa ya aiko.

Amma Yaya, yana nauyi. Kullum ƙara nauyi yake, kafaɗuna sun fara sanƙarewa tun yanzu. Na tambayi likita, na ce in sati shidan ya wuce fa? In ya kai shekara biyar yana son fita ƙofar gida, in ya kai goma yana son bin yara bakin kogi? Ya ci gaba da rubutunsa, ya ce mu bi ta yau tukuna. Kai ka fi ni yawo, ka ga mutane iri-iri. Ka tambaya min a wajenku, ko akwai wanda ya sani, shekara nawa mace take iya goya ɗanta kafin ta sauke.

Ka gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce,
Zinariya